Yadda Rifkatu Ta Ari Hannuna

Shekara shida ke nan da Ubangiji ya kira matata Rifkatu gida. 'Ya'yanmu sun so a kafa rumfa a tara jama'a, na ce su bari, addu'ar da aka yi a coci ta wadatar. Ni dai abin da raina yake so shi ne in zauna in ba da labarin sana'arta, da yadda aka yi tsohon soja irina ya tsinci kansa a ciki.

Tun muna bariki Rifkatu ta koyi haɗa mayafi da guntayen ƙyalle a wurin wata maƙwabciyarmu. Da na yi ritaya muka dawo Zuru, sai ta riƙe abin hannu biyu. Takan bi shagunan teloli ta kwaso ragowar atamfa da yadi, ta wanke, ta goge, ta yayyanka daidai wa daida, ta jera su launi kusa da ɗan'uwansa. In ta haɗe fuskar, sai ta sa tsohon bargo a tsakiya, zani a ƙasa, ta bi su duka uku da ɗinkin hannu. Wanda ya lulluɓa da shi a sanyin marka ba ya neman ƙari.

Kayan aikin nata ko kwando ɗaya ba su cika ba. Akwai almakashi mai baƙin mariƙi, wanda ba ya taɓa komai sai tufa. Akwai allurai da fil-fil soke a jikin wani ɗan matashi da ta cusa wa auduga, da zare fari da baƙi da take saye a shagon wani ɗan Ibo a bakin kasuwa. Alli kuwa ba ta damu da shi ba, guntun sabulun da ya siɗe shi take ja layi da shi, kwalin sukari kuma shi ne ma'auninta. Sai guntuwar fata da take ɗaurawa a yatsa don tura allura, da dutsen guga na gawayi. Takan ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kada a raina mata kaya.

Ranar da abin ya same ta, tana tsakar gida tana shanya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da muka dawo daga asibiti magana ta dawo mata sannu a hankali, ƙafa ma ta soma takawa, amma hannun ya ƙi. A lokacin tana tsakiyar mayafin auren jikarmu. Rifkatu mai surutu da waƙa ta koma shiru, tuwo ma sai an yi da gaske take kai loma biyu. Likita ya ja ni gefe ya ce magani na aikinsa, amma in zuciya ta karaya ba shi da allurar wannan.

Wata safiya na ji ta ce wa 'yarmu Na'omi ta ɗauki kwandon ta kai wa matan zumuntar coci su raba. Na tare yarinyar a bakin ƙofa, na karɓe, na dire shi gaban uwarta.

"Maman Ishaya, ido da kai duk suna nan. Hannu ne kawai babu, ga nawa, ara."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Baban Ishaya, kai da maɓalli kaɗai ka iya ɗinkawa, shi ma a karkace?"

"To ki miƙar da ni."

Sai ta nuna almakashin da haɓa ta ce, "Ba haka ake riƙe shi ba." Tun da ta kwanta ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Na yi shekaru ina karɓar umarni a fagen fareti, amma ban taɓa haɗuwa da kwamanda irinta ba. Ita ke zaɓen ƙyalle, ta danne da hannun hagu, ni in yanka in ɗinka. In na kauce wa layin sabulu sai ta ce a farke. In haushi ya kai mata wuya, Hausa ba ta isarta, sai ta juye C'lela, yarenmu na gida. Abokaina tsofaffin sojoji suka riƙa leƙowa suna dariya, wai Sajan ya koma tela. Na ce su yi ta yi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yatsuna suka sha suka kafin in yarda in ɗaura fatar nan. Ana cikin haka na lura kwanon tuwonta ya soma komawa wanke-wanke babu saura. Mayafin ya kammalu kafin biki, ta kuma je coci da ƙafarta tana dogara sanda. Bayan nan mun ƙara shekara huɗu muna aikin tare, har matan da rashin kwanciyar hankali ya koro daga ƙauyukan wajen Ribah suka samu rabonsu.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda abin ya koma. Kasuwa ta cika da bargunan kanti masu laushi, ga na gwanjo tuli. Kwanaki wata jikata ta nuna mini a waya wata wuƙa mai kama da taya, ana gangara ta kan tufa tana yanka ninki huɗu a tashi ɗaya, ga keken ɗinki na lantarki yana gama aikin mako kafin a sauke tukunya. Na san Rifkatu ba za ta yi gaba da su ba, ita ce mai cewa zamani riga ne. Za ta karɓi wuƙar ta jujjuya, ta yaba, sannan ta tambaya ko an wanke ƙyallen kafin a yanka, domin wanda ba a wanke ba zai tsuke ya zubar da launi komai tsadar keken. Abin da zai ɓata mata rai ɗaya ne, ganin teloli suna ƙona guntayen atamfa a bayan shago.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar gini da sunanta ba. Na daɗe ina ganin kamar abin da ta bari bai wuce ni da kwandon nan ba. A watan jiya na je gaisuwa Mahuta, ina tsaye a tasha sai ga wata mata ta sauko daga babur da jariri naɗe cikin mayafin haɗi. Na gane shi tun daga nesa. Na gaishe ta, na tambayi inda ta samo.

"Baba, uwata aka ba lokacin da muka yi gudun hijira. An ce aikin wata Mama Rifkatu ne a Zuru. Ɗinkin dai ya ɗan karkace, amma 'ya'yana uku duk da shi na yi jegonsu, ko zare ɗaya bai tsinke ba."

Na ce mata, "Karkatar tawa ce, 'yata. Sauran duk nata ne."

Ba ta gane ba, ta yi murmushi ta gyara wa yaron lulluɓi. Ni kuwa na hau mota zuwa gida raina fari ƙal. Allah ya ba Rifkatu hutawa.