Kyanwoyin Ƙofar Iya Mai Raino

Duk yaron da ya tashi a layin nan, tambaye shi bayan wa ya fara yi wa fitsari, zai ce maka na Iya Mai Raino. Mata masu zuwa aiki su ajiye mata jarirai da safe, da yamma su ɗauke su a wanke, a ƙoshe. Tun gashinta na baƙi take wannan sana'a, ba a taɓa ganin ko ƙwarzane a jikin ɗan wani ba.

To, ciwon gwiwa ne ya ja mata. Wani mai sayar da shuke-shuke ya ba ta wani ganye mai ƙamshi kamar na'a-na'a, ya ce ta riƙa murzawa tana shafawa. Ta dasa shi a tsohon bokiti a bakin ƙofa. Bai gaya mata akwai wani mai a jikin ganyen da ke gigita kyanwa ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Kafin ka ce me, kyanwoyin unguwa sun tare a ƙofarta. Su yi ta birgima a gindin bokitin suna dalalar da miyau, in ta fito su bi ta suna goga kai a ƙafarta. Ga wasu ƙananan ƙwari kore shar sun lulluɓe ganyen. Iya har dariya take yi: "Kai, ku tafi can, ni na haife ku?"

Ashe ana kallonta. Matar mai shago ce ta fara, wai kyanwa ba ta bin mutum haka kawai. Ji fa! Matar da Iya ta goya wa 'ya'ya har suka yi wayo! Nan da nan zance ya koma wai Iya mayya ce. Aka riƙa janye yara ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Wallahi abin da takaici.

Ɗan Iya ya je ya binciko gaskiyar magana, ya tumɓuke ganyen, ya bi gida-gida yana bayani har muryarsa ta dushe. Kyanwoyi suka watse. Mata suka ce to, Allah ya kyauta, amma ba wadda ta dawo da ɗanta.

Iya ta haɗiye takaicinta, ta ce ba komai, ai tana da jikarta. Da surukarta, matar ɗan nata, ta zo wucewa da jaririyar a baya, Iya ta miƙa hannu biyu kamar yadda ta saba.

Surukar ta ja da baya, ta ƙara ɗaure majanyi. "Iya, barci take yi. Ki gan ta daga nan ma ya isa."

Ga jaririya idonta biyu, tana ta zillo tana miƙo wa kakarta hannu. Iya ta sauke nata hannuwan, ta koma ɗaki.