Tifa Arba'in na Tsakuwa

Rewiti Kereama bai taɓa wuce gudun keke a bakin aikinsa ba, amma direbobin da suka fi kowa gudu a duniya sun san hannunsa, ko da ba su san fuskarsa ba. Direban gireda ne. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran hanyar Pukerewa, kilomita ashirin da shida na tsakuwa da ke bin tsaunukan bakin teku a yammacin New Zealand. Shi ya karkata kowace kwana yadda ruwan sama zai gangare, tankar madara kuma ta wuce ba ta kife ba. Don manoma ya yi, amma sai ga shi 'yan tseren motoci sun ɗauki son duniya sun ɗora wa hanyar. Duk shekarar da gasar duniya ta zo ƙasar, sai an bi ta Pukerewa.

Mutum ne marar yawan magana, ga taurin kai kamar na tsohon rago. In ka ce masa hanya ta yi kyau, sai ya ce ai ba ka ga kwana ta tara ba. Amma in ya ji ka kushe ta, to ranar kun ɓata.

A shekarar da ake magana, gasar ta zagaya ƙasashe goma sha biyu, daga ƙanƙarar arewa zuwa duwatsun Girka, ta zo zagayen ƙarshe a nan gida. Mutum biyu suka rage. Na gaba a maki Rantakari ne, mutumin Finland. Na biyu, maki uku kacal a bayansa, Tipene ne, ɗan Mereana ƙanwar Rewiti. Wanda ya riga ɗan'uwansa ranar Lahadi, kofin duniya nasa ne. Shi kuwa Tipene a kan wannan hanya ya koyi tuƙi, yana jan tifar tsakuwa a gaban giredar kawunsa, tun kafin wani ya san sunansa.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar gasa ta ce wanda ke gaba a maki shi ke fara shiga hanya ranar Juma'a. A hanyar tsakuwa kuwa na farko shi ne tsintsiya: tayoyinsa ke share tsakuwar da ba ta kama ƙasa ba, yana santsi yana ɓata lokaci, na bayansa ya tarar da wuri a share. In tsakuwar sabuwa ce mai kauri, na farko ya shiga uku. Ga shi kuma ƙaramar hukuma ta aiko wa Rewiti takarda cewa a zuba wa Pukerewa tifa arba'in na sabuwar tsakuwa kafin ƙarshen Oktoba. Tsere kuwa ashirin da uku ga wata ne.

Kafin kwana biyu kowa a ƙauyen ya zama masanin lissafi. Masu askin tumaki suka tare shi a ƙofar kanti.

"Kawun zakara! Yaushe za a yi wa baƙon namu shimfiɗa?"

"Ka zuba masa ta kai gwiwa, tsoho, mu ga yadda ake iyo a Finland!"

Rewiti ya sayi burodinsa ya wuce. Amma Mereana ba a wuce ta. Har gida ta same shi, ta dire masa tukunyar naman tunkiya da dankali, ta tsaya a kansa.

"Yaya, ba sata na ce ka yi ba. Aikinka na ce ka yi. Takarda ta ce ka zuba, to ka zuba!"

"Takarda ta ce kafin ƙarshen wata."

"Ashirin ga wata ba kafin ƙarshen wata ba ne? Ko a makarantarku ba a kai nan ba?"

"Mereana, hanyar nan a yanzu ba ta buƙatar komai. Ruwan saman da aka sha lokacin sanyi ya daddale ta."

"Hanya ba ta buƙata, ɗanka yana buƙata! Shekara goma sha ɗaya yana bin wannan abu. Ka san ba lalle ya sake samun irin wannan dama ba."

Ya sani, kuma abin ya ci masa rai. Kada wani ya ce Rewiti bai so ba. Ya so ƙwarai, don ba shi da ɗa sai Tipene. Babu wanda zai kama shi da laifi, takarda na hannunsa. Ranar Talata har ya hau gireda ya je inda aka tara tsakuwar, ya zauna yana kallon tulin, inji na ruri. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, shekara talatin da ɗaya ana cewa hanyarsa mai kyau ce, ba a taɓa cewa tana da ɗan gida da baƙo ba. Ya kashe inji, ya buga wa masu tifa waya ya ce su zo Litinin bayan tsere.

Ranar Juma'a ya tsaya a kan tudu sama da kwana ta tara, shi kaɗai, don ba wanda ya gayyace shi inda jama'a suke. Rantakari ya fara zuwa, motarsa ta kwanta cikin kwanar kamar don ita aka haƙa ta. Bayan minti uku sai ga Tipene. Bai ɗaga ƙafa daga kan totur ba ko kaɗan. Rewiti ya sami kansa yana ihu, shi da ko a wasan ƙwallo ba ya buɗe baki. Tipene ya ci Pukerewa da sakan huɗu.

Sai dai tsere kwana uku ne. A sauran hanyoyin Rantakari ya rama, ranar Lahadi ya lashe da sakan shida, ya ɗauki kofin. Kowa ya san da an zuba tsakuwar nan, da sakan ashirin ko fiye baƙon ya yi asara tun Juma'a. A kanti ba wanda ya amsa gaisuwar Rewiti. Mereana kuwa ta ƙi ɗaukar waya.

Litinin da safe yana kan gireda yana jira. Tifar farko ta hauro, ta tsaya, direba ya diro. Tipene ne, cikin tsohuwar rigar aikinsa, idanu sun yi ja.

"Kawu, barka da asuba."

"Kai ne yau?"

"Na roƙi mai motar ya ara mini." Ya dubi tulin tsakuwar da ke bayan tifa. "Da ka zuba wannan, da yanzu kofi na gidanmu."

"Na sani."

"Abu ɗaya na zo tambaya. Sakan huɗun nan na Juma'a, nawa ne ko naka?"

"Naka ne," in ji Rewiti. "Ko tsakuwa ɗaya ban sa maka ba. Zakaran duniya ka doke a kan hanyata, kai da ƙafarka."

Tipene ya gyaɗa kai. Sannan ya koma mota ya ɗauko wata tukunya a naɗe da tawul, ya miƙa masa sama.

"Mama ta ce in kawo maka. Ta ce kuma in gaya maka har yanzu ba ta magana da kai."

Rewiti ya karɓa da hannu biyu, tukunyar da sauran zafinta. Tipene ya haye tifa, ya leƙo ta taga.

"To Kawu, daga ina zan fara juyewa?"