Daso da Hadarin Setapak

Duk wanda ya san Daso a Bichi ya san ta da abu biyu, man gyaɗa da sanin hadari. Tana tsakar gida hannu dumu-dumu da tunkuza za ta ɗaga kai ta dubi gabas ta ce a kwashe shanya, in ka yi mata gardama kai za ka kwana a jiƙaƙƙiyar tabarma. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba su ita da marigayi Malam Halliru. Shida daga ciki yini take tana ƙwala musu kira, har maƙwabta suka haddace sunayensu bi da bi. Ta farin ce kaɗai, Hannatu, ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin Daso.

Haka ta tarar ana yi, haka ta yi. 'Yar fari ta kunya ce. Ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi sai a kau da kai wani ya ɗaga ta. Ana yaye Hannatu, Goggo Uwa, yayar Malam Halliru, ta goya ta zuwa Gwammaja a cikin Kano. Can ta girma, can ta yi boko, daga can aka kai ta ɗakin miji. In ta zo Bichi hutu, Daso takan fuskanci bango ta ce, waccan yarinyar ta ci abinci kuwa? Ita ma Hannatu da Daso take kiranta, kamar kowa a gari. Amma ƙuli-ƙulin da ya fi kowanne soyuwa kullum a ƙullin Hannatu ake tsintarsa ran komawa. Daso tana son 'yar nan so mai ciwo, bakinta ne bai taɓa koyon hanyar faɗa ba.

Mijin Hannatu, Muttaka, ya sami tallafin karatun digiri na uku a Malesiya, ya ɗauki matarsa suka tafi. Da cikinta ya tsufa aka rasa mai zuwa yi mata wankan jego, don gwiwoyin Goggo Uwa ko motar kasuwar Kurmi ba sa ɗauka, balle jirgi. Aka ce to sai Daso. A gaban mutane ta ɗan ja aji, ta ce wa zai kula mata da gyaɗa. A zuci kuwa ji ta yi kamar an yi mata bushara da kujerar Makka. Tun ranar yaye, wannan ne karo na farko da al'ada da kanta ta ba ta izinin taɓa jikin 'yarta. Ta ƙudurta cewa kwana arba'in ɗin nan hannunta zai faɗi abin da baki ya kasa.

Ta sauka a Kuala Lumpur a farkon shekarar korona, aka kai ta can ƙololuwar wani bene a unguwar Setapak, ɗaki biyu da falo. Zaman suruka da suruki a gida kamar akurki abin kallo ne. In Muttaka zai fito sai ya yi gyaran murya, Daso ta ja mayafi ta shige kicin. In ita za ta wuce sai ya durƙusa a bayan ƙofa yana gaida labule.

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne saman garin. A lissafinta yanzu bazara ke kamawa, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema, sama fayau ba ko ƙyallin girgije. Nan kuwa ana idar da azahar gajimare zai fara taruwa a kan duwatsun da take hangowa ta tagar kicin, kafin la'asar ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kaɗa tagogi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muttaka ya yi mata bayani daga bayan ƙofa, wai teku na can yamma, duwatsu na nan gabas, iska ta ɗebo ruwa daga can ta zo ta yi karo da dutse ta juye wa garin. Daso ta ce ko ma mene ne, hadarin da bai san wata ba bai da tarbiyya. Duk da haka cikin mako biyu ta gano halinsa, har ita ke gaya wa Hannatu lokacin kwashe shanya.

Allah ya sauki Hannatu lafiya, aka sami mace. Ran suna aka yi wa Goggo Uwa takwara. Daso ta ce haka ya dace, wanda ya yi raino shi ke da 'ya, ta shiga banɗaki ta daɗe tana wanke fuska.

Wanka ya kankama. Muttaka yakan hau jirgin ƙasa zuwa Brickfields, unguwar Indiyawa, ya sayo damin ganyen darbejiya wurin wata tsohuwa mai sayar da furanni. Daso ta tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ta tsoma ganye ta rinƙa fyaɗa wa Hannatu a baya, tana gasa mata ciki da ƙugu. Ba hira suke yi ba. Daga "juyo" sai "ɗaga hannu". Amma Daso ta san kowane tabo da ke bayan nan yanzu, har da na wata ƙuna a kafaɗa da aka yi tun yarinta ba ta nan.

Ba su kai rabin arba'in ba aka sa dokar kulle. Aka tsai da jirage, 'yan sanda suka datse hanyoyi, mutum ɗaya ake bari ya fita daga gida, shi ma iyakarsa kantin unguwa. Ganyen da ya rage ya bushe, ya kakkarye, ya ƙare. Hannatu ta ce a bar wankan haka, ruwan zafi na famfo ya isa, likita ma ba so yake ba. A wurin Daso ruwa ba ganye wankan kowa ne, kuma mai wankan kowa ba ta bukatar mai yi mata.

Akwai darbejiya ɗaya da take gani ta taga, doguwa, a bayan katangar wurin ajiye motoci, jikin wani ɗan ɗakin bautar Indiyawa. Ta aika wa Muttaka magana ta bakin matarsa. Ya ce a ba Inna haƙuri, itacen mutane ne, ga shi rassan sun fi ƙarfin hannu, ga mai gadi ba ya barin kowa ya zagaya.

Ana cikin haka wata rana tana dama kunun kanwa ta jiyo Hannatu a waya da Goggo Uwa.

"Tana ƙoƙari, Goggo, wallahi tana yi. Amma kin san don kada a ce ne. Ni fa ko sunana ban taɓa ji a bakinta ba."

Daso ta ci gaba da damu har kunun ya yi gudaji. Kullum wayar Muttaka labari ɗaya take kawowa, cutar nan tsofaffi take ɗauka, a binne mutum ba nasa a kusa. Mutuwar ba ta ba ta tsoro ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta tafi yarinyar nan tana ɗauke da wannan zato.

Kwana biyu bayan haka hadari ya haɗo irin wanda ba ta taɓa gani ba. Duwatsun suka ɓace gaba ɗaya, gari ya yi duhu kamar magariba alhali ko la'asar ba a kira ba. Muttaka na ɗaki da abin ji a kunne yana magana da malaminsa ta kwamfuta, Hannatu da jaririya suna barci. Daso na tsaye a taga ta ga iska ta lanƙwasa darbejiyar nan, ta sake ta, ta kuma lanƙwasa ta, sai wani babban reshe ya ɓalle ya tsallako katanga ya faɗo tsakanin motoci. Abin da iska ta kayar ai na mai tsinta ne. Kuma ta san ruwan garin, in ta jira ya ɗauke, lambatu ya riga ta.

Ta ɗaura takunkumi, ta yafa koren mayafinta, ta bi matattakala, don ba ta taɓa yarda da akwatin nan mai hawa da sauka ba. A ƙasa mai gadi ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa da yarensu, "Makcik, tak boleh," wai an hana fita. Ta ce masa sannu da aiki, ta wuce.

Ruwa ya kai mata idon sawu, iska na neman ƙwace mata mayafi, walƙiya na haske motoci ɗaya bayan ɗaya. Ta kama gindin reshen da hannun da ya saba murza tunkuza, ta juya tana ja. A nan ta hango mutum ya fito daga ƙofar benen, ba lema, ba takalmi, ɗaurin ƙirji da hijabi. Tsawa ce ta tashi Hannatu, ta duba ɗaki ba kowa, ta leƙa taga ta ga koren mayafi a cikin ruwa, ta dire wa Muttaka jaririya a cinya ta sauko. Mai jego, ɗanyen jiki, a cikin ruwan sama. Ga kuma kwanon rumfar babura da iska ta ɓamɓaro yana ta rawa a daidai inda za ta bi.

"Hannatu! Hannatu, koma!"

Muryar da ta saba ƙetare katanga uku a Bichi ce, tsawa ma sai da ta saurara mata. Hannatu ta tsaya cak a bakin ƙofa. Kwanon ya tashi ya faɗi can gefe. Ba ta koma ba, ba ta kuma ƙaraso ba, tana nan tsaye hannu a baki har uwarta ta iso da reshenta tana haki. Mai gadi ya kama musu suka cusa shi a akwatin hawa, kuma ranar Daso ta shiga ba gardama.

Faɗa ta yi ta yi har sama, wai wace irin mai jego ce ba ta san sanyi na kisa ba. Kafin ta canza nata jiƙaƙƙen zanen sai da ta ɗora tukunya. Ɗacin darbejiya ya cika gidan, ruwan sama ya koma yayyafi, duwatsun suka fara fitowa. Hannatu ta zauna a 'yar kujera ta ba ta baya, tururi ya rufe su.

"Ashe kin san sunan nawa," in ji Hannatu, murya can ƙasa.

"Tsawa kika ji. Ɗaga hannu."

Ta ɗaga. Daso ta tsoma ganye ta fyaɗa, ta sake tsomawa, sannan ta ajiye shi ta ɗora tafin hannunta a kan tsohon tabon ƙunar nan, ta bar shi a wurin. Kafaɗun Hannatu suka fara rawa. Daso ta tambaye ta ko ruwan ne ya yi zafi.

"A'a, Inna," ta ce. "Ƙara min."