Maganin Inna a Aljihuna

Shekara shida Inna ta yi tana shan tiramadol saboda ciwon ƙugu, tun ranar da keke ya kife da su a hanyar Wunti. Likita ne ya rubuta mata, shi ne kuma daga baya ya ce lokacin ragewa ya yi. Ya ce kada a yanke gaba ɗaya, a riƙa rage kaɗan duk bayan sati biyu. Ni ne ɗan fari, ni ne mai boko, don haka ni aka damƙa wa maganin. A aljihun kaftanina yake kwana, kullum ina raba ƙwaya da reza kamar mai rabon gado.

Muna da maƙwabciya a unguwarmu ta Ɗan Iya, mutuniyar kudancin jihar nan, mai sayar da manja, wadda ciwon gwiwa ya addaba. Asibitinsu ɗaya da Inna, takardar rage magani iri ɗaya aka ba su. Cikin wata uku ta gama, har ta koma zuwa coci da ƙafa. Abin da ya rufe min ido ke nan.

Inna kuwa sai hamma, sai hawaye da majina, ga gumi sharkaf. Ƙafafunta ba sa zama wuri ɗaya ko a kan sallaya. Tuwo ya daina shiga. Amma ko uffan ba ta ce min ba. Inna mutuniyar da ce: ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta buɗe baki ta roƙi ɗan fari wani abu. Na san haka tun ina yaro, sai dai ban taɓa zaton kunyar za ta bi mu har asibiti ba.

Idan likita ya tambayi jiki, sai ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. In ya matsa, ni nake karɓe zancen, in ce a ci gaba da ragewa. Wata rana har na ce mata, "Inna, ki daure mana. Maƙwabciyarki da ta gama, ita ba mutum ba ce?"

Ta ce, "To."

Maƙwabciyar ce ta tare ni a ƙofar gida bayan la'asar, hannunta duk manja.

"Malam, kana da ido kuwa? Mamanka yana zuwa wurina yana kuka. Jiya ya tambaya ko ina da saura. Jikina daban, nasa daban!"

Kunya da takaici suka kama ni. Uwata tana neman ragowar magani a maƙwabta, alhali ga nata a aljihuna.

Washegari maƙwabciyar ce ta shiga da ita wurin likita, ni na zauna a benci a waje. Da ya kira ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya mayar mata da wani kaso, za a tafi a hankali. Wani wata uku ya ishe shi, wani sai shekara, wani ma ba ya rabuwa da shi duka, kuma ba rashin dauriya ba ne.

Ta ɗan farfaɗo, ko da yake ramar ba ta sake ta ba. A satin ta aiko ƙanwata ta karɓi maganin daga hannuna, ban kuma sake taɓa shi ba. Ta yi shekara biyu bayan nan. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofar ɗakinta in tambayi jiki. Har safiyar ranar da ta rasu, amsar da na samu ita ce da sauƙi.