Da Hantsi Suka Zo Neman Mai Allura

Ranar Talatar nan kofi biyu na koko na sha, nawa da na Yaya Rabi, don ta ce sauri take. Yayata ce, ma'aikaciyar lafiya. An ba ta asibitin cikin gari mai fanka, ta ƙi. Ta zaɓi rugagen Fulani da ƙauyen Maguzawa na bayan rafi, inda mai ciki ke haihuwa ba a taɓa auna jininta ba. Na bi ta ne don gudun wanke-wanke.

Muka wuce majalisar bakin kasuwa. Shugabanta Sale mai taki, wanda tumbinsa kan riga shi shiga masallaci da raka'a guda. Shi ya raɗa mata "likitar arna". Ya tofar da yawu. Muka wuce.

Da hantsi tana awon masu ciki a gindin tsamiya, a wani ƙauyen Maguzawa. Sai ƙarar babura daga wajen gari. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, sannan a haɗe. Hayaƙi ya tashi ta kasuwa. Kaji suka yi tsit.

Ƙarar ta juyo rafi. Inna Tani, tsohuwar gidan da muka sauka, ta cusa mu cikin rumbun dawa, ni da Yaya da yara huɗu. Na leƙa ta tsaga. A bayan babur na farko ga Sale, ba hula, yana nuni da yatsa. Mutumin da ya rantse bai san hanyar ƙauyen nan ba, ya kawo 'yan bindiga ko sau ɗaya bai ɓata hanya ba.

"Ina mai allura?" in ji ɗayansu.

Suna da masu rauni a daji, ita suke so. Matan suka sunkuyar da kai. Aka kama Baba Ɗanjuma, mijin Inna Tani, aka yi ta dukansa da gindin bindiga. Ya ƙi faɗin inda take.

"Ku kawo fetur! A ƙone rumbunan!"

Yaya ta kalli yaran. Ta danne kaina cikin dawa, ta haura ta fita.

Da suka tafi da ita, ƙarar ta yi nisa, muka fito. Muka bi cikin gonaki, gero na yankar mana fuska. Takalmina ɗaya ya tsaya a rafi. Na goyi yaron da ban san sunansa ba. Ana kiran la'asar muka shiga garin Ɗanbatta.

Sale ya koma gida da ƙafarsa tun kafin magariba. Wai tilasta shi aka yi. Har yau yana majalisa, yana nuna wa mutane ƙujewar gwiwarsa, ana masa sannu.

Baba Ɗanjuma ya cika washegari. Cikin matan da ke layin awo, biyu sun haihu, ɗaya ta rasu da cikinta. Yaya Rabi, an yi girbi, an sake shuka, ba labari.