Hajiya Suwaiba Muntari da Gasar Garuruwa Huɗu

Haihuwa da karatu

An haifi Hajiya Suwaiba Muntari a garin Nguru a shekarar 1967. Mahaifinta, Malam Muntari, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuwa, Malama Bebi, tana koyar da matan unguwa karatun Alƙur'ani a cikin gida. Ta yi firamare a Nguru, sannan ta wuce makarantar horon malamai ta mata, inda ta kammala a 1987 da ƙwarewa a fannin motsa jiki da wasanni. Ta shekara takwas tana koyarwa, kuma duk gasar da aka shirya tsakanin makarantun yankin ita ake miƙa wa usur.

Aure da ƙaura

An ɗaura mata aure da Malam Faruk, malamin lissafi, a 1990. A 1996 ya sami gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje, a wata jami'a da ke East Greensboro, suka taho da 'yarsu ta fari. Wanda ya tarbe su shi ne Alhaji Younoussa, mutumin Maraɗi mai sayar da motoci a High Point Road, titin da a yau ake kira Gate City Boulevard. A gidansa suka sauka har suka tsaya da ƙafarsu, shi ya ba Malam Faruk motarsa ta farko, shi ya yanka ragon sunan ɗansu na biyu. Tun daga lokacin Suwaiba take kiran sa Baba, kuma ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba.

Takardar koyarwarta ba ta yi mata aiki a wannan ƙasa ba, don haka ta kama aikin kula da tsofaffi. A cikin waɗanda ta yi jinya akwai wani dattijo baƙar fata, Mista Lemuel, wanda ya ce a samartakarsa ya buga besbol a wata gasar ma'aikatan masaƙa da ba ta daɗe ba ta mutu. Shi ya koya mata wasan, yana kwance yana nuna mata a talabijin: ana jefo ƙwallo, mai sanda ya doke ta, ya zagaya matsaya uku da gudu, ya dawo inda ake kira gida kafin a taɓa shi da ƙwallon. Wanda aka taɓa ya fita.

Kafa gasa

A bazarar 2008, ganin yaran Hausawa suna wuni a ɗaki gaban talabijin yayin da iyaye ke wurin aiki, Suwaiba ta bi gida gida tana neman izini. Daga wannan yawo aka kafa Gasar Garuruwa Huɗu, wadda ta haɗa yaran Greensboro, High Point, Winston-Salem da Burlington, maza da mata, Musulmi da Kirista. Alhaji Younoussa ya bayar da motoci biyu na jigilar 'yan wasa, iyaye mata suka ɗauki nauyin abinci, aka kuma kafa doka cewa garin da ya karɓi baƙi shi zai ciyar da su, ko an ci shi ko ya ci. Suwaiba ce alƙaliya a kowane wasa, tsaye bayan mai kamun ƙwallo, abin kare fuska a kan hijabinta. Greensboro ta ɗauki kofi a 2008, Winston-Salem ta ɗauka a 2009, kuma akwai yaran da suka fara jin Hausa sosai a bakin filin nan, daga tsiyar da iyayensu ke yi wa juna.

Wasan ƙarshe na 2010

A watan Yuli na 2010 aka yi wasan ƙarshe tsakanin Greensboro da Burlington. Burlington na gaba da ci ɗaya, dama ɗaya kuma ta rage wa Greensboro. Abdoul Razak, autan Alhaji Younoussa, ya taho gida da gudu, idan ya isa an yi canjaras. Mai tsaron gidan a ɓangaren Burlington ita ce Hephzibah, 'yar shekara goma sha uku, 'yar wata ma'aikaciyar jinya daga Kafanchan da ke riƙon ta ita kaɗai, uwar ma a ranar tana wurin aiki. Ƙwallo ta iso hannun Hephzibah, ta taɓa shi a gwiwa kafin ƙafarsa ta kai. Suwaiba ta ɗaga hannu ta ce ya fita.

Alhaji Younoussa ya shigo fili a hankali. A gaban jama'a ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da duk Bahaushen da ke wurin ya san nauyinsa, domin babba ba ya tuɓe hula ya roƙi yaronsa a mayar da shi hannu wofi.

“Suwaiba, 'yata, dubi furfurar nan,” in ji shi. “Ki ce canjaras, a raba kofin biyu. Balon yara ne fa, wasan ƙwallo kawai, wa zai mutu?”

Ta durƙusa a cikin ƙura kamar yadda ta saba. “Baba, mayar da hularka, rana na dukan ka. Da abina ne, da ba sai ka roƙa ba. Amma na yarinyar nan ne, ta riga shi.”

Malam Faruk ya sunkuyo ya ce da ita a hankali, “Mutumin da ya ba mu ɗaki ne fa, Malama.”

“Na sani,” in ji ta. “Ita kuma wa zai cire mata hula?”

Aka miƙa wa Burlington kofi. Alhaji Younoussa ya janye motocinsa, iyayen Greensboro da na High Point da dama suka janye 'ya'yansu don kara, kuma da bazarar 2011 ta zo babu ƙungiyar da ta cika.

Shekarun baya

An daɗe ana cewa taurin kai ne ya kashe gasar, mafi yawan masu faɗa kuwa ba su taɓa tsayawa a rana domin ɗan wani ba. Suwaiba ba ta mayar wa kowa martani ba. Ta ci gaba da aikinta, ta sauke farali a 2014, kuma ko wace Sallah sai ta kai abinci gidan Alhaji Younoussa ta durƙusa ta gaishe shi, ko da amsarsa ba ta wuce kalma ɗaya ba.

A 2018 dattawan al'umma suka nemi a farfaɗo da gasar, Alhaji Younoussa ya amince zai dawo da motoci bisa sharaɗin ta ce a gabansu ta yi kuskure a hukuncin nan. Babu abin da take buri kamar ta sake ganin yara a fili, ta kuma faɗi haka a zaman.

“Na kunyata babba a cikin mutane, wannan laifina ne, kuma ina roƙon gafara,” in ji ta. “Amma idona bai yi kuskure ba, Baba. Ya fita.”

Aka tashi ba a farfaɗo da gasar ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya Suwaiba rasuwa a Greensboro a watan Oktoba na 2023, bayan jinyar ciwon ƙoda, tana da shekara hamsin da shida. An yi mata salla bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Musulmi ta garin. Ta rasu ta bar mijinta, Malam Faruk, da 'ya'ya uku: Hanifa, Najib da Mubaraka. Gasar da ta kafa shekara uku ta yi a duniya, kuma ba a taɓa sauya hukunci ko ɗaya a cikinta ba. Allah ya jiƙanta da rahama.