Malam Gwadabe, Mai Riƙe da Soronmu

Da an idar da sallar asuba, Malam Gwadabe magini ba ya wucewa gida. Sai ya biyo ta lungunmu a Kabara, ya dafa bangon tsohon soronmu da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ɗaga kai ya dubi indararo. Tun ina koyarwa yake haka, yau ga ni da sanda.

Amma ku tambayi mutanen gidanmu abin da ya riƙe ginin ƙasar nan, alhali na maƙwabta duk sun zube. Da baki ɗaya za su ce albarkar kakanmu Malam ce, wai ya binne laya a harsashi. Ni ban musa albarka ba. Kawai dai ban taɓa ganin laya ta hau tsani ba.

Wanda na gani Gwadabe ne. Kowace bazara shi ke kwaɓa ƙasa, ya liƙe tsaga, ya sabunta yaɓe. Shekarar da gara ta ci azarar zaure, shi ya zare ta ya sa wata, rufin bai ko motsa ba. Uwani mai ƙosai shaida ce, a ƙarƙashinsa take suya. Baƙi su zo su ɗauki hoton zankwayen saman soro da bakan gizon rufin zaure, shi kuma a ce masa, "Baba, ɗan matsa, kana shiga hoto."

Bana gwiwar Gwadabe ta ƙi. Na sami ɗan wana, Alhaji Lawal, na ce a samo wanda zai koya.

"Haba Gwaggo, gidan Malam ne fa. Ba zai faɗi ba."

"To in an yi ruwa, ka kai gadonka zaure ka kwana."

Har yau bai kai ba.

Malam Gwadabe, kai ne ka hana ruwa kwana a kanmu. Da na yi maka ƙorafin ba a yaba maka, dariya ka yi, ka ce, "Hajiya, a bar wa Malam yabonsa, ni dai a share indararon gabas." Wannan haƙuri naka ma haushi yake ba ni. Na gode, Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya.

Ku kuma samarin gidan nan, Gwadabe ya ce zai zauna a gindin bango ya nuna wa duk mai so. Hadari ya fara haɗowa, indararon gabas a toshe yake. Tsaninsa na nan jingine a zaure. Wa zai hau?